Sai Bango Ya Tsage: Yadda Kamfanonin Abinci Na Duniya Suka Shiga Tukunyar Mutanen Kaduna

Duk wanda ya fita daga Kaduna ta Kawo ya kama hanyar Zariya, ba zai yi nisa ba zai ga masana'antar taliyar Indomie, wadda aka buɗe a shekarar 2012. A ɗaya gefen garin kuwa, hayin kogi, gine-ginen masaƙun Kakuri ne suke tsaye shiru. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Garin da ya yi suna wajen tufatar da Arewa ya wayi gari masaƙunsa sun durƙushe, masana'antar taliyar leda kuma tana ta bunƙasa.

Akwai alaƙa tsakanin waɗannan abubuwa biyu. Lokacin da albashin wata ya yanke wa dubban magidanta, sai gidaje da yawa suka koma rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Mai albashi yana iya ajiye buhun masara da na gero a ɗaka. Wanda kuwa sai ya fita ya nemo kafin a ɗora tukunya, abin da ya samu yau da shi zai sayi abincin yau, ƙulli-ƙulli, leda-leda. Manyan kamfanonin abinci na duniya sun karanci wannan hali namu sosai, suka ɗinka hajarsu daidai da shi.

Abin da nake son mu fahimta a wannan sharhi shi ne, waɗannan kamfanoni ba da ƙarfin tsiya suka shigo gidajenmu ba, kuma ba don matanmu sun zama malalata ba ne, kamar yadda wasu suke saurin yanke hukunci. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana nan a ƙarancin lokaci, da tsadar makamashi, da ƙarancin kuɗi a hannu. Sun shigo ta nan, sun magance wa uwargida matsalar yau, amma sun bar mana matsalar gobe a jikinmu, da aljihun matanmu, da zumuncinmu.

Teburin mai shayi

Wanda yake son ganin girman al'amarin, ya je ya zauna a bencin mai shayi bayan sallar isha'i, ko a Unguwar Shanu, ko Badarawa, ko bakin tashar Kawo. Mai shayi yana tsaye a bayan gwangwanayen da ya jera, butar ruwan zafi tana huci a kan gawayi, kasko yana kan risho. Saurayi ya zauna ya ce, "Malam, a haɗa min mai kauri, sannan Indomie biyu da ƙwai." Mai shayi ya ɓare leda biyu, ya zuba a ruwan da yake tafasa, ya juye garin ɗanɗanon duka, ya yanka albasa da attaruhu, sannan ya murmusa dunƙulen Maggi a cikin ƙwan da zai soya. Kafin minti goma an gama, an ci, an tashi.

Yanzu a bi kayan teburin ɗaya bayan ɗaya. Milo da Maggi na Nestlé ne, kamfanin ƙasar Suwizalan. Bournvita na Cadbury ne, wanda yake ƙarƙashin Mondelez na Amurka. Madarar Peak ta FrieslandCampina ce ta ƙasar Holan, tana kasuwar Nijeriya tun 1954. Indomie kuwa haɗin gwiwa ce tsakanin Tolaram na Singafo da rukunin Salim na Indunusiya. Burodin da taliyar duka daga alkama suke, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata daga waje ake shigo da ita. Abin da ya rage namu a teburin bai wuce albasa da attaruhu da ƙwai da gumin mai shayin ba. Ƙwan ma ba mamaki kazar da ta saka shi abincin kamfanin Olam ta ci, wanda ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumar Chikun a 2017.

Wannan kuwa a jihar da take sahun gaba a noman masara a Nijeriya, jihar citta da waken suya da dawa da acca. Manomin Giwa ko Soba yana noma abin da zai iya ciyar da Kaduna, amma ɗansa da ya shigo birni yana tuƙa Keke Napep, da alkamar Amurka ko Kanada ko Rasha yake kwana a ciki.

Batun alkama ba sabo ba ne. Tun a 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi mai suna The Wheat Trap, suna nuna yadda Nijeriya ta ɗaure cikinta da hatsin da ƙasarta ba ta iya nomawa da yawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka yi ta fafutukar noma ta a Kadawa da Bakolori, amma a 1992 aka janye haramcin. A lokacin burodi ne kawai abin damuwa. Yau an ƙara da taliya iri-iri, da biskit, da cincin, da tuwon semo wanda ya ture tuwon dawa a gidaje da yawa. Ƙididdigar ƙungiyar masu sarrafa taliyar gaggawa ta duniya ta nuna ana cin kusan leda biliyan 3 a shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a Afirka.

Ta ina suka shigo?

Ƙofa ta farko lokaci ce. Tuwon masara yana buƙatar surfe, da wanki, da shanya, da kai niƙa, da tankaɗe, da talge, da tuƙi. A gidan da ake da kishiyoyi da surukai da 'yanmata, wannan aiki rabawa ake yi. Amma a ɗaki ciki da falo na gidan haya a Hayin Banki ko Unguwar Dosa, mace ɗaya ce, ga goyo, ga shirya yara makarantar boko da safe, ga Islamiyya da yamma, wataƙila ita ma malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya. Idan aka miƙa mata abin da zai nuna cikin minti biyar, kuma yara su cinye ba tare da rigima ba, wa zai ga laifinta?

Ƙofa ta biyu makamashi ne. Wake yana cin wuta, haka dambu, haka kunu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira, farashin gas da gawayi da kananzir ya yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Uwargida ba kuɗin cefane kaɗai take lissafawa ba, har da na wutar da za ta dafa shi.

Ƙofa ta uku ita ce sayarwa ƙanana-ƙanana. A 1993 kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo da madarar Cowbell cikin 'yan ƙananan ledoji, wanda ba shi da kuɗin gwangwani ya sami abin da zai iya saya. Sauran kamfanoni duk suka bi sahu. Yau Milo, da man shafa wa burodi, da tumatirin leda, da man girki, duk akwai na kuɗi kaɗan. Sai dai idan aka auna giram da giram, mai sayen ƙaramar leda yakan biya fiye da mai sayen babban gwangwani. Talaka yana biyan kuɗin talaucinsa a kowace safiya.

A haɗa da wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato rarraba kaya. Motocin dillalan waɗannan kamfanoni suna sauke kaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da ta Kawo, daga nan babura da kekuna su kai su kowane lungu. Akwai unguwannin da ruwan famfo bai kai ba, amma babu unguwar da lemon kwalba bai kai ba.

Harshen yaro ake nema

Kamfanin abinci ya san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba da wani ɗanɗano yana ɗan shekara biyar, da wuya ya rabu da shi yana ɗan hamsin. Shi ya sa tallan ya fi karkata ga yara da iyaye mata. Milo yana ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare, Cowbell yana da gasar lissafi, Indomie yana da ƙungiyar yara magoya baya da take shiga makarantun firamare. Da watan azumi kuma shirye-shiryen girki na masu dunƙule suna cika talabijin, cikin Hausa tsantsa, da mata sanye da hijabi, ana koya wa uwargida miyar da kakarta ta iya tun kafin a san dunƙule a ƙasar nan. Babu mai musun cewa gasar lissafi alheri ce. Amma yaron da ya ga tambarin kamfani a jikin kyautar da ya ci a makaranta, ya riga ya ɗauki kamfanin a matsayin masoyi, kuma wannan ƙauna ita ce jarin da ake zubawa.

Abin ya fi tayar da hankali idan aka zo kan jarirai. A watan Afrilun 2024, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan tare da ƙungiyar IBFAN mai kare abincin jarirai suka fitar da sakamakon gwajin da suka sa aka yi wa Cerelac na Nestlé daga ƙasashe daban-daban. A wani nau'in da ake sayarwa a Nijeriya an sami ƙarin sukari har giram 6.8 a kowane ci ɗaya, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari ko kaɗan. Nestlé ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa, kuma yana rage sukari a kayansa. To, idan haka ne, tambaya ta dawo kanmu: me ya sa dokarmu ta yarda a bai wa ɗan wata shida a Malali abin da ba a bai wa takwaransa na Turai?

Wannan rigima tana da tarihi. A 1974 wata ƙungiyar agaji ta Ingila, War on Want, ta fallasa yadda tallan madarar gwangwani yake raba jarirai da nonon uwa a ƙasashe matalauta, inda ake dama madarar da ruwa marar tsabta, a kuma tsinka ta don ta daɗe. Aka ƙaurace wa kayan Nestlé daga 1977, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallan irin wannan madara a 1981, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayar da su nonon uwa zalla. Dalilan suna da yawa, ciki har da al'adarmu ta ɗura wa jariri ruwa. Amma a cikin birni, ganin gwangwanin madara a ɗakin maijego ya zama alamar cewa maigida yana da hali, kuma wannan tunani talla ce ta shuka shi, a cikin al'ummar da addininta ya kwaɗaitar da shayarwa har shekara biyu.

Daddawa da nono

Kafin dunƙule, daddawa ce uwar miya. Aikinta ba wasa ba ne. A samo kalwa daga 'ya'yan ɗorawa, a dafa ta yini guda har ta yi laushi, a surfa a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi wannan ƙamshi da kowa ya sani, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Abin da ya fito ba ɗanɗano kaɗai ba ne, abinci ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa sinadarin gina jiki ne, ga mai, ga ƙarfe. A gidan da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, daddawa ce take cike giɓin a miyar kuka. Matan Kafanchan ma sun daɗe da shahara wajen yin ta da waken suya.

Dunƙule kuwa, kusan rabinsa gishiri ne, sauran sitaci da mai da sukari da sinadarin ƙara ɗanɗano. Nestlé da kansa ya ce yana sayar da dunƙulen Maggi sama da miliyan 100 a kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ban da Knorr da Royco na Unilever, da Onga, da farin magi na Ajinomoto. Idan uwa ta cire daddawa ta sa dunƙule uku, miyar ta yi daɗi a baki, amma abin gina jiki ya ragu, gishiri ya ƙaru. Kuɗin da zai shiga hannun tsohuwa mai daddawa a ƙauye ya bi wata hanya. Itacen ɗorawa kuma, da kalwarsa ta rage daraja, sai ya zama abin sarewa a yi gawayi.

Haka labarin nono yake. Nijeriya tana kashe sama da dala biliyan 1 a shekara wajen shigo da madara, duk da miliyoyin shanun da take da su. Yawancin garin madara mai araha ba cikakkiyar madara ba ce: an tsame man shanun a Turai an sayar da shi da tsada, an maye gurbinsa da man kwakwar manja, an turo mana. Arahar wannan gari ta kai ga wasu masu fura da nono da masu yogot a cikin gari da shi suke haɗawa, domin ya fi sauƙin samu a kan nonon rugar da take fama da ɓarayin shanu da rashin hanya da rashin firji. Kamfanin Arla na Denmark, mai madarar Dano, ya buɗe gonar shanu ta zamani a Damau cikin ƙaramar hukumar Kubau a 2023. Mataki ne mai kyau, amma ma'aunin nasararsa shi ne yawan nonon da za a saya daga hannun makiyaya a farashin da zai riƙe su, domin a al'adar Fulani kuɗin nono na mace ne, da shi take tufatar da 'ya'yanta.

Lissafin da ake biya a asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kuma kada ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma rabin haka. Lemon kwalba irin na kola yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100, ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini guda. Saurayin da ya ci taliya leda biyu da garin ɗanɗanonta duka, da ƙwai mai dunƙule, ya kora da shayi mai kauri, ya kusa cika ma'aunin gishirinsa ko ya wuce a zama ɗaya, kuma gobe ma haka zai yi.

Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da suka yanke jiki suka faɗi. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta masu ciwon a Nijeriya sun kai miliyan 3.6 a 2021. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ganin likitan hawan jini ko na suga a Asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, ko ya ga masu suga da suke zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa saboda ganinsu ya fara dushewa, ya san waɗannan alƙaluma mutane ne masu iyali. Shanyewar ɓarin jiki ɗaya tana iya cinye jarin gida, wankin ƙoda kuma yana sa a sayar da fili.

Ba kamfanonin abinci kaɗai suka jawo wannan ba. Akwai gado, akwai zaman wuri ɗaya, akwai damuwa, mu ma kuma muna da hannu mai nauyi wajen zuba gishiri da sukari a girkinmu. Amma su suka mayar da gishiri da sukari da fulawa abin da ya fi komai sauƙin samu da saurin ci. Abin takaicin shi ne wannan yana faruwa ne a yankin da yunwa ba ta tafi ba. Binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. A gida ɗaya sai ka tarar da uba mai hawan jini, uwa mai suga, da yaro mai tamowa. Taliya tsura tana cika ciki, amma ba ta gina yaro.

Akushin da ya watse

Akwai asarar da ba a auna ta da na'urar asibiti. Tuwo abincin taro ne. Ana tuƙa shi da yawa, a kwashe a malmala, maza su kewaye akushi ɗaya a zaure, yara su kewaye nasu, a nan ake koyon wanke hannu, da cin gabanka, da bar wa ƙarami nama. Ana zuba na maƙwabta a aika yaro da shi, su ma su aiko da nasu, wato ciyayya. Ana ajiye na baƙon da zai iya faɗowa, da na almajiri, abin da ya kwana kuma ya zama ɗumame.

Taliyar leda an auna ta ne daidai cikin mutum ɗaya. Ba ta saura, ba ta ɗumamuwa, ba a aika wa maƙwabci. Kowa ya dafa tasa lokacin da ya ga dama, ya ci yana kallon waya. Tsohuwar da take zaune ita kaɗai a gidan haya, wadda a da kwanuka uku suke shigo mata kowane dare, ita ta fi kowa sanin abin da ya sauya.

Sannan ga sana'ar mata ta cikin gida. Koko da ƙosai, waina, ɗanwake, dambu, fate, alale, kunun zaki, zoɓo, ƙuli-ƙuli, da su mata suke zubin adashi, suke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, suke rufa wa kansu asiri idan miji ya rasu ko ya gaza. Duk naira ɗari da yaro ya kai kanti ya sayi biskit da lemon kwali maimakon ƙosai, an cire ta ne daga wannan tattalin arziki na mata. A wajen biki da suna ma, uwar amarya tana jin kunyar raba kunun aya ko zoɓo kaɗai, sai ta ci bashi ta sayi katan-katan na lemo don kada a ce ta gaza. Bayan an watse, robobi da ledoji su cika kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya.

A faɗi gaskiya ta kowane ɓangare

Adalci ya wajaba. Waɗannan kamfanoni sun ɗauki 'ya'yanmu aiki a lokacin da masaƙu suka sallame su, suna biyan haraji, wasunsu suna sayen masara da dawa da waken suya daga manoman jihar nan. Gishirin da suke amfani da shi mai aidin ne, wanda yake kare mutane daga maƙoƙo, kuma tun 2012 ake ƙara sinadarin ƙarfe a dunƙulen Maggi saboda ƙarancin jini. Jita-jitar da ake yaɗawa a WhatsApp cewa farin magi guba ne ba ta da tushe a binciken masana, kuma irin wannan magana tana kawar da hankali daga ainihin matsalar, wato yawan gishiri. Abincinmu na gargajiya ma yana da nasa aibin: zoɓon da aka cika wa sukari bai fi lemon kwalba ba, kunun da aka dama da ruwa marar kyau yana kawo taifot, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna illa ga hanta.

Amma kamfani ba gidan sadaka ba ne. Masu hannun jari yake yi wa aiki, zai kuma tsaya ne daidai inda doka ta tsayar da shi. A watan Maris na 2017 wata babbar kotu a Legas ta umarci hukumar NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite cewa kada a sha su tare da bitamin C. Asalin ƙarar kuwa wani ɗan kasuwa ne ya kai lemon zuwa Ingila, hukumomin can suka kama kayan saboda yawan sinadarin hana lalacewa ya wuce ma'auninsu. Kamfanin da yake yin lemon ya kare kansa da cewa bai saɓa ma'aunin Nijeriya ba. Amsa iri ɗaya ke nan da ta batun Cerelac, kuma tana nuna inda gyara yake.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, doka. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda aka sa a dokar kuɗi ta 2021, naira 5 ke nan a kan robar rabin lita, abin da mai saye ba ya ko ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100. Meziko ta sa nata a 2014, Afirka ta Kudu da Ingila a 2018, kuma a Ingila kamfanoni da kansu suka rage sukari don su kauce wa harajin. Ƙasar Chile tun 2016 take tilasta buga baƙin tambari a gaban duk abincin da gishiri ko sukari ko mai ya yi wa yawa. Irin wannan tambari, wanda ko wanda bai yi boko ba zai gane, shi ya dace da mu. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai daga Kaduna su nemi a hana ƙara sukari a abincin jarirai, a ƙayyade gishirin dunƙule da taliya, a kuma ware kuɗin harajin lemo don maganin suga da hawan jini a asibitocin unguwa.

Na biyu, makarantu, kuma wannan yana hannun gwamnatin jiha da masu makarantu masu zaman kansu. A hana talla da sayar da lemon zaƙi a harabar firamare. Shirin ciyar da ɗalibai da jihar ta fara a Janairun 2016 bai ɗore yadda aka so ba, amma ya nuna cewa ana iya ɗaukar dubban mata su dafa wa yara abinci. A farfaɗo da shi a kan wake da masara da gero da ƙwai da nonon da aka saya a cikin jihar.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci a ganina: mu sauƙaƙa abincinmu. Wa'azi ba zai mayar da mace mai aiki ga turmi da taɓarya ba, kuma bai kamata a nemi haka ba. Abin da take buƙata shi ne garin ɗanwake haɗaɗɗe, da garin kunun gyaɗa, da tsakin fate, da accar da aka wanke aka cire wa tsakuwa, da garin daddawa marar ƙarfin wari, da busasshiyar fura, duka a cikin ƙaramin ƙulli mai tsabta, a farashin da za ta iya, a kantin bakin layinsu. Mata da yawa a Kaduna sun riga sun fara wannan sana'a, suna tallata ta a waya. Abin da ya rage musu shi ne jari, da injin busarwa, da wutar lantarki, da rajistar NAFDAC mai sauƙi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suna da masanan da za su iya tsaya musu. Awara ta isa hujja: ba kamfanin da ya tallata ta, mata ne suka koya wa juna sarrafa waken suya, yau babu unguwar da ba a soya ta, kuma yara suna rububinta.

Na huɗu, gida. Ba a ce a daina cin taliya ko a zubar da dunƙule ba. A rage dunƙule a ƙara daddawa, a zuba rabin garin ɗanɗanon taliya a haɗa ta da ganye da wake ko ƙwai, a mayar da lemon kwalba abin sha na wani lokaci, a hana jariri sukari, kowane babba kuma ya riƙa auna jininsa. Maigida ya sani cewa idan yana son tuwo da miyar kuka, sai ya sayi gas, ya biya kuɗin niƙa, ya kuma taimaka. Limamai da masu wa'azi su tuna wa jama'a cewa ba halacci kaɗai ake nema a abinci ba, har da kyawunsa ga jiki, domin lafiya amana ce.

Kamfanonin nan suna da masana da suke nazarin abin da yaranmu za su so ci nan da shekara goma, suna kuma kashe maƙudan kuɗi a kan haka. Wajibi ne mu ma iyaye, da malamai, da likitoci, da masu mulki, mu zauna mu yi wannan nazari da irin wannan himma, mu yanke wa kanmu shawarar abin da za a ciyar da 'ya'yanmu, sannan mu tilasta wa duk mai son kasuwarmu ya bi ma'aunin da yake bi a ƙasarsa.